Yadda za ka sha maganin fargaba ba tare da ya kama ka ba

Abu na farko ka tambayi likita wane iri ya rubuta maka, don kala biyu ne aka fi bayarwa kuma halinsu ba ɗaya ba.

Akwai masu kwantar da hankali nan take, su diazepam (wanda yara ke kira D5), Lexotan da Xanax. Cikin awa ɗaya faɗuwar gaban ta lafa, to nan matsalar take, jiki na saurin sabawa, ƙwaya ɗayan da take maka aiki sai ta daina ka koma biyu, shi ya sa likitoci ba sa so a wuce sati 2 zuwa 4 ana sha. Suna sa barci, jiri, mantuwa da kasala, saboda haka in ka sha kar ka hau mashin ko ka ja adaidaita. Tsofaffi kuma su suka fi faɗuwa su karye in sun tashi fitsari da dare.

Kar ka kuskura ka haɗa su da tramol, kodin ko giya. Wallahi numfashi suke dannewa, mutum ya kwanta shikenan bai farka ba.

Kala na biyu su sertraline da fluoxetine, waɗannan sai sun yi sati 4 zuwa 6 kafin ka ji canji sosai, a satin farko ma fargabar kan ƙaru, ga tashin zuciya ga ciwon kai, sai mutane su ce bai karɓe su ba su watsar. Ka ɗan daure. Suna kuma iya rage sha'awa, ba abin kunya ba ne ka faɗa wa likita ya canza maka. Amma in tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, musamman ɗan ƙasa da shekara 25, ranar za ka koma asibiti ba gobe ba.

Mai asma ya faɗa wa likita kafin a ba shi propranolol, wani maganin daban da ake bayarwa don rage bugun zuciyar da fargaba ke kawowa. Mai ciki da mai shayarwa ma su faɗa.

Sai batun dainawa. Wanda ya daɗe yana shan diazepam ko Lexotan in ya tsaya lokaci ɗaya zai iya kamuwa da rawar jiki, gumi, rashin barci, har jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake ragewa, likita ne zai tsara maka, ba mai kemis ba. In kana jin ya riga ya kama ka, asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato duk suna duba irin wannan, ka tafi da kwalin maganin a hannunka.