Yadda Ake Kafa Akwatin Soket a Bangon Bulo

Kashe wuta daga babban makunni tukuna. A bangon bulo irin na gidajenmu na Kano, kada ka buga wa akwatin soket ƙusa: bulo yana rugurgujewa, ƙusar ta yi sako-sako, duk cire fulogi akwatin ya girgiza har waya ta kwance ta fara zafi. Huda bango da diril mai baki milimita 6, ka cusa fisha (robar da ke riƙe sukuru a cikin rami), ka ɗaure da sukuru biyu ta ramukan bayan akwatin. Kan sukurun ya kwanta lif, kada ya yanki rigar waya. In akwatin ƙarfe ne, dole ka haɗa masa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Hukumar NEMSA, mai kula da ingancin aikin wutar lantarki a Najeriya, ita ce ke duba irin wannan aiki.