Kafin ka jona akwatin eko da batir

Duk mai ba da hayar kayan sauti a Sakkwato ya san lokacin da wuta ta fi son tafiya: daidai sanda mawaƙi ya ɗauki makirfo. Janareto kuwa ga tsadar mai, ga ƙararsa tana bin waya har cikin lasifika. Shi ya sa yaranmu suka koma tayar da akwatin eko, ƙaramar miksa da fedar jita da batir. Dabarar tana yi. Sai dai yawancin kayan da nake gani a ƙone, abu ɗaya ya kashe su: ba a karanta ƙananan rubutun da ke jikin adafta ba.

Wani yaro daga Mabera ya taɓa kawo mini eko, fuska a murtuke. Ya ce, "Maigida, bolt 9 aka rubuta, 9 na ba shi cif, amma ko tari bai yi ba." Na juya bayan akwatin na nuna masa da farce: 9V AC. Batir ba ya ba da AC, DC kawai gare shi, wutar da ke bin hanya guda. Kaya irin su Alesis Nanoverb da wasu ƙananan miksoci suna buƙatar wutar da ke kai da komowa, don da ita suke haɗa ɓangaren tabbatacce (+) da na korau (−) a cikinsu. Duba alamar: layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji AC ne, miƙaƙƙen layi mai ɗige-ɗige a ƙarƙashi DC ne. In AC ka gani, bar zancen jonawa kai tsaye, ka bi ta inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir AC, da adaftarsa ta asali.

Na biyu ya fi ɓarna, wato juya kai, tabbatacce ya shiga wurin korau. Fedojin kamfanin Boss da mafi yawan 'yan'uwansu korau ne a tsakiyar bakin caja, tabbatacce a waje. Adaftar kyamarar tsaro da ta akwatin intanet kuwa akasin haka suke, ga shi bakinsu iri ɗaya ne, yana shiga daram ba gardama. Sai ka ji ƙaurin roba. Zanen yana nan jikin fedar, ɗan da'ira da alamar + da − a gefe. Kada ka yarda da launin waya, mai haɗa ta ma yana iya kuskure. Sa mitar auna wuta ka gwada.

Sai masu ciro batirin kabu-kabu ko na mota su ce ai bolt 12 da 9 ba nisa. Batirin da aka rubuta wa 12 yana kai 12.6 in ya cika, in kuma yana kan caji ko inji na aiki ya haura 14. Wannan ya isa ya kashe fedar da aka yi don 9. Maganin ɗan allo ne mai rage wuta, irin mai LM2596, a murɗa shi a tsayar kan 9 da mita kafin a jona komai. Akwai wani mai rage wutar ma, 7809, ya fi shi shiru a lasifika, amma yana zafi, sai an ɗaura masa ƙarfen sanyaya. Kuma don Allah a sa fis a wayar tabbatacce kusa da batir. Batirin mota in wayoyinsa suka haɗu, narkewa suke yi a hannun mutum.

Lissafin cin wuta ma ana raina shi: mA shi ne yawan wutar da kaya ke ja, mAh kuma yawan wadda batir ke ɗauke da ita. Fedar da ba ta dijital ba takan ci ƙasa da 10mA, ƙaramin batir mai kusurwa huɗu zai kai ta kwanaki. Mai haɗa sautuka da yawa kuwa tana iya cin 300 zuwa 500mA, alhali batirin nan mai kyau bai wuce kusan 550mAh ba. Kafin a gama kamu ya mutu. Fawa bank mai 10,000mAh da wayar da ke ɗaga 5 zuwa 9 ya fi, amma kada ka zata duk za ka samu: an auna shi ne a kan bolt 3.7, a kan 9 abin da zai rage kusan 3,500 ne. Wasu kuma suna kashe kansu in abin da aka jona bai ci wuta sosai ba, don haka gwada shi a gida tukuna, ba a filin biki ba.

Inbata mai arha ita ke kawo zizar da ake ɗora wa makirfo laifinta. Wutarta ba sumul take ba, taransifoma na gurnani da ita. Nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta. In kuma kayan na hannu ne daga Amurka, duba ko 120 yake so, mu nan 230 muke.

Saura zafi. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce digiri 40, kuma batirin ruwa yana saurin tsufa cikin irin wannan yanayi. Kada a bar shi a bayan mota ko kan siminti a rana, a sa shi inuwa ƙarƙashin tebur, kuma kada a zuƙe shi ya wuce rabi. An tashi taro, zare wayar jita daga fedar, don muddin tana ciki batirin yana ci ko da fitila a kashe take.