Noma da kiwo a ƙarƙashin farantan sola: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Tun a 1981 wasu masana biyu 'yan Jamus, Adolf Goetzberger da Armin Zastrow, suka kawo shawarar cewa fili ɗaya zai iya ba da lantarki daga farantan sola a sama, abinci kuma a ƙasa. Dabarar tana aiki. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne a fara kafa farantai, sai an gama ɗaure ƙarafa sannan a zauna tunanin abin da za a shuka.

Babban kuskure shi ne kafa farantan kamar yadda ake yi a tashar sola zalla: a ƙasa-ƙasa, a matse, layi na bin layi. Mai haɗa sola lantarki yake nema, ba ruwansa da inda garma za ta bi. Sakamakon shi ne inuwa mai kauri, shuka ta yi tsawo siririya tana neman haske, manomi kuma yana aiki a sunkuye. Gyaran tun a takarda ake yinsa. A fara auna faɗin abin da zai yi huɗa, tarakta ce ko shanu, a bar masa hanya har da wurin juyawa, sannan a tsayar da ginshiƙai. A bar tazara tsakanin farantai yadda inuwa za ta riƙa yawo a kan ƙasa daga safe zuwa yamma. A gonar gwaji ta Heggelbach da cibiyar bincike ta Fraunhofer ta kafa a Jamus a 2016, an ɗaga farantan mita 5 don manyan injuna su wuce. Mai aiki da hannu ba ya buƙatar haka, amma ya kamata ya iya tafiya a miƙe da fartanya a kafaɗa. Ni dai ƙa'idar da Japan ta sa a 2013 ta fi kwanta mini: amfanin gonar kada ya gaza kashi 80 cikin 100 na abin da ake samu a yankin, in ba haka ba izinin kafa farantan a gonar yana cikin haɗari. Ko inda babu doka, ma'auni ne mai kyau.

Sai zaɓen shuka. Masara da dawa da rake 'yan rana ne, duk hasken da aka rage musu zai bayyana ranar girbi. Latas, kabeji, alayyahu da dankalin Turawa sun fi jure inuwa. A wani bincike da aka buga a 2019 a Arizona ta Amurka, inda zafi da fari suka yi yawa, tumatir ya ninka amfaninsa a ƙarƙashin farantai. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin alkawari: inuwa tana taimako inda rana ta yi wa shuka yawa, inda haske ya ƙaranta kuwa ragi take yi. A gwada a 'yan kunyoyi, a shuka irinsu a fili babu inuwa, a kwatanta.

Ruwa yana da tarko biyu. Ƙasar da ke inuwa ba ta saurin bushewa, wanda ya ci gaba da ban ruwa kamar da zai ruɓar da saiwa, ya jawo ciwon ganye. A tura yatsa cikin ƙasa kafin a kunna famfo, musamman da yake famfon sola ba ya cin mai, hannu yakan saki. Na biyu kuma ruwan sama ne. Faranti yana tattara shi ya zubar a layi ɗaya, kamar bakin rufin kwano. Bayan 'yan mamako sai ka ga kwari ya tsage a wurin, alhali ƙasan farantin a bushe take. A sa indararo ya kai ruwan tanki, ko a shimfiɗa tsakuwa ko ciyawa a inda yake ɗiga, kada a dasa komai daidai layin.

Wajen kiwo, tunkiya ce ta dace. Kanta a ƙasa yake, tana rage ciyawar da za ta tsaya gaban faranti, tana kwanciya a inuwa da tsakar rana. Akuya kuwa za ta hau gilashi da kofato, ta ciji waya. Shanu suna soshe jiki da ginshiƙi har ya karkace, sai an ɗaga farantan sosai an ƙarfafa gindinsu. Kowace dabba ce, a zura wayoyi cikin bututu ko a binne su, a kewaye inbata (na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin ta gida) da batura da shinge. A kuma raba filin, ana juya garken daga sashe zuwa sashe, domin in suka cinye ciyawar ƙarƙaf, ƙura ce za ta tashi ta kwanta a kan gilashi ta rage wuta.

Ƙurar nan dole a riƙa wanke ta, balle bayan huɗa da girbi. A yi wankin da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Kada a sa sabulu mai ƙarfi, tunda duk abin da ya gangaro daga faranti a gindin shuka yake sauka.