Irin gida: kurakuran da sababbin manoma ke ta maimaitawa

Duk damina sai na ga matasa sun shigo noma da zafinsu, sun faɗa ramin da na faɗa tun ina saurayi. Na gaji da faɗa a bakin gona, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babba a cikinsu shi ne ɗauko iri daga nesa don kawai ka ga ya yi kyau a can. Wannan ya taɓa cinye mini damina guda cur. Na je biki wajen Zariya bayan kaka, na ga dammunan dawa farafara, zangarniya kamar damtsen ƙato, ƙwaya fara sol. Na auno tiya biyu na kawo gonarmu da ke arewa da Kazaure. Kawuna ya murza ƙwayar a tafin hannu ya ce, "Ɗana, wannan ba ta san ruwanmu ba." Na ce a raina tsoho ne, tsoron sabon abu yake. Ta fito kore shar, ta kere kaurar maƙwabta tsayi, masu wucewa suna yi mini barka. Ruwa ya ɗauke cikin Satumba. Kaurar mutane ta fid da kai tana ƙosawa, tawa ko ciki ba ta yi ba. Kara na girbe, shanu suka ci riba.

Daga baya na gane dalili. Dawar gargajiya ba kwanakin shuka take ƙirgawa ba, tsawon yini take bi, sai yini ya gajarta ya kai inda ta saba sannan ta yi ciki. Kakannin kowane yanki sun tace wadda ke fid da kai daidai lokacin da ruwansu ke haramar tafiya. Zariya tana samun ruwa kamar milimita 1,000, damina ta kai wata 5, mu kuwa in mun sami wata 4 mun gode Allah. Farafarar tana jiran Oktoba, ƙasata ta riga ta bushe. In ka kai tamu kudu ma ba ka tsira ba: za ta fito ana tsakar ruwa, ƙwaya ta yi fumfuna, tsuntsaye su tare a gonarka tunda ita kaɗai ta nuna. Wannan hali ne kuma ke ceton mu a gida, domin ko shuka ta yi jinkiri da mako uku, dawar takan fito kusan tare da ta kowa.

Yanzu in zan karɓi baƙon iri, gabas ko yamma da mu nake nema, ba kudu ba. Kuma kunya uku nake ba shi a gefen gona, damina biyu a jere, kafin ya ga tsakiya.

Na biyu ya fi ƙona mini rai. Yaro ya sami irin zamani, shekara ɗaya ta yi kyau, sai ya kai na gidansu wajen niƙa a tuƙa tuwo da shi. Haba! Ni ma ina shuka geron zamani SOSAT, yana nuna da wuri, ba na kushe shi. Amma wa ya ce sai ka kashe ɗaya ka raya ɗaya? Dubi kanannado, waken gargajiya. Wasu na zaginsa wai ganye kawai yake yi. To ai aikinsa ke nan: ya yi yaɗo a ƙarƙashin dawa, ya jira ruwa ya ɗauke sannan ya yi 'ya'ya, ya bar maka harawar da za ta riƙe tumaki har bazara. Waken zamani mai kwana 70 ba zai ba ka wannan harawa ba, ga shi in ba feshi ba ka ga komai. Ranar da ka nemi na gidan ka rasa, sai ka bi tsofaffi ƙauye-ƙauye kana roƙon cikin hannu.

Kada kuma ka auno hatsin kasuwa ka kira shi iri, gauraye ne. Ni tun dawa na tsaye nake zaga gona da wuƙa ina yankan zangarniyar da ta cika, ba na taɓa wadda ke kusa da mai burtuntuna. Gero daga tsakiyar gona nake ɗiba, saboda iska na kwaso masa barbara daga gonar maƙwabci. In ɗaure, in rataye a madafa inda hayaƙi ke bugu.

Sauran ƙanana ne. Ka cika wa doguwar dawa yuriya, ta ƙara tsawo, iska ta kwantar da ita. Gero a laka mai riƙe ruwa wahala ce, jigawa yake so. Masakwa, dawar rani, ta ƙasar firgi ce, baƙar laka ta Borno, ba ta yashinmu ba. Masara mai aure, wato wadda aka haɗa iri biyu aka samar, ba a maimaita 'ya'yanta. Geron nan mai gargasa da kuke rainawa saboda ƙaiƙayi wajen sussuka, shi nake sawa a gonar bakin fadama, inda tsuntsaye jan baki ke sauka.