Kurakuran da Masu Tara Tsofaffin Bindigogin Amurka Masu Baki Biyu Suka Fi Yi

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin sabon mai tara waɗannan bindigogi shi ne dogaro da sunan da aka zana a jikin ƙarfe. Bindigar Fox Model B, wadda kamfanin Savage ya fitar a 1940, ba ta gaji komai daga ainihin A.H. Fox ta birnin Philadelphia ba sai suna, domin ƙirar cikinta daban ce, farashinta kuma bai kai ko kusa ba. Haka Lefever Nitro Special, kamfanin Ithaca ne ya ƙera ta bayan ya sayi Lefever a 1916. Akwai ma bindigogin Beljiyam masu araha da aka rubuta wa "T. Parker" don mai saye ya ɗauka ta ainihin kamfanin Parker na Amurka ce. Maganin wannan shi ne a duba garin da aka ƙera ta da lambarta, a kuma nemi takardar masana'anta, kamar wadda ƙungiyar masu tara Parker take bayarwa.

Ko a gida ɗaya ana ruɗewa. Bindigogin Parker biyu masu daraja ɗaya, misali wadda kamfanin ya kira VH, suna iya bambanta a nauyi ƙwarai, saboda girman gangar jikinsu ba ɗaya ba ne, kuma lambar girman tana ƙarƙashin bututu. Masana'antar bindigar L.C. Smith kuwa ta sauya darajojinta daga lambobi zuwa sunaye irin su Field da Ideal a 1913. Ita dai wannan bindiga, kada a saye ta sai an duba ƙotarta, domin tana yawan tsagewa a bayan farantin kunama.

Gyara ya fi duk waɗannan ɓarna a ganina. Mutum zai ga launi ya koɗe, ya sa a goge ƙarfen a sake rina shi, alhali wannan koɗewar ce masu saye suke nema, gogewa kuma tana cinye zanen da ba ya dawowa. Shafa mai kaɗan ya wadatar. A auna bututun ma, domin wanda aka yanke bakinsa ya rasa matsin bakin da ke tattara harbi, kimarsa kuma ta faɗi.

Sai harsashi. Yawancin tsofaffin masu lamba 16 (ma'aunin faɗin bututu) an yi musu mazaunin harsashi mai inci 2 9/16, na yau kuwa inci 2 3/4 ne, wasu bututun ma na murɗaɗɗen ƙarfen Damascus ne da aka yi domin baƙin albarushi. Kada a harba ko ɗaya sai ƙwararren maƙerin bindiga ya auna kaurin bututun.