Ga masu son gwada kamun kifi a kan ƙanƙara

'Yan uwa da ke jihar Minesota ta Amurka, idan za ku hau tafki a hunturun nan, kada ku taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai inci 4 ba. Don Allah ku auna tukuna, kuma ku yanki lasisi.

Ni kifin da suke kira crappie nake bi. Garke-garke yake yawo, in ka huda ƙanƙarar ka dace da rami ɗaya sai ka yi ta ciro su, ga farin nama mai daɗin suya. Dab da magariba ya fi cin ƙugiya. Ka riƙe abincin da ke jikin ƙugiyar ɗan sama da inda suke, domin daga ƙasa suke tasowa su cafke. Kuma ka ja a hankali, leɓensa kamar takarda yake, da ka fizga ya yage.