Yadda za ka yi idan kod ɗin cikin littafi ya ƙi tashi

Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Yaro ya tara kuɗinsa ya shiga Sabon Gari ya sayo littafin koyon Python, yaren da ake rubuta manhajar kwamfuta da shi, ko wani ya tura masa PDF a WhatsApp ya kai shagon fotokwafi aka buga masa, ya zauna ya kwafe misali harafi bayan harafi, yana dannawa sai jan rubutu ya cika masa fuskar kwamfuta, shi ke nan sai ya ce kansa ne ba ya ja ya ajiye karatun. Alhali sau tari littafin ne ba a tace ba, wani marubucin ma ko gwada abin da ya rubuta bai yi ba.

Ka fara da duba shekarar da aka buga littafin, tana nan a shafukan farko. Python 3 tun 2008 ya fito, kuma daga 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2 kwata-kwata, amma har yau tsofaffin littattafansa na yawo a hannun ɗalibai a Kano. Idan ka ga print "sannu" babu baka a gefe da gefe, ko ka ga raw_input, to na tsohon ne. Wanda ya fi ban haushi ma shi ne 5/2, a tsohon amsar 2 ce a sabon kuma 2.5, babu wani gargaɗi da zai fito, kawai lissafinka ne zai saɓa da na littafin ka yi ta neman inda ka kauce. Buga python --version a terminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, ka san wanne ne a kwamfutarka.

Sannan don Allah kar ka kwaso kod daga PDF ka manna, buga shi da hannunka. Tazarar da ke farkon layi a Python ba ado ba ce, da ita yake gane wane layi ne ke ƙarƙashin wane, kuma wajen kwafa takan zube. Haka alamar zance, masu tsara shafi kan mayar da miƙaƙƙiya " ta koma mai lanƙwasa, ido ba ya lura amma Python ba zai karɓa ba. In fotokwafi ne kuma ka kula da ƙaramin l da 1, da O da 0.

Bai tashi ba har yanzu? Karanta saƙon kuskuren daga ƙasa, layin ƙarshe shi ne maganar, na samansa kuma yana faɗa maka lambar layin. Ɗauki wannan layin ƙarshen ka sa a Google, da wuya ka rasa wanda ya riga ka tambaya a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod.

Daga nan nemi sunan littafin ka haɗa da kalmar errata. Masu buga littattafai irin su O'Reilly suna da shafin da ake jera kurakuran da masu karatu suka gano, marubuta da yawa kuma suna ajiye gyararren kod a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod. Ɗauki biro ka gyara a jikin littafin, saboda ƙaninka da zai ara gobe.

Bayanan manhaja na intanet ma haka suke wahalar da mutum, an sabunta manhajar an bar tsohon misali. Buga pip show da sunan abin da ka sauke ka ga lambar sigarsa, ka tabbatar bayanin da kake karantawa na wannan sigar ne. Shafin docs.python.org yana da wurin zaɓar siga a sama, kuma za ka iya sauke shi gaba ɗaya ranar da kake da data ka riƙa dubawa ko babu sabis.

In ka tabbatar kuskuren nasu ne, shiga GitHub ɗinsu ka kai rahoto: ka rubuta shafin, sigar da kake amfani da ita, abin da ka buga da saƙon da ya fito.